Ranar Da Uwa Ta Fita Nema, Wa Ke Riƙe Da Yaro?

 Maganar da muka kawo a wannan fitowa ta cikin gida ce, mun kuma sani ba kowa za ta yi wa daɗi ba.

Sa'ad da magatakardan ikilisiya yake sabunta littafin membobi, yakan tambayi mace, "Mama, wane aiki kike yi?" Sau da yawa amsar ita ce, "Ba na aiki, Baba, sai 'yar sana'a." Shi kuwa sai ya rubuta "matar aure" ya wuce ga na gaba. Amma in ka bi sawun wannan 'yar sana'a za ka sha mamaki. Wata tana sayen shanshera buhu guda, ta jiƙa, ta turara, ta shanya, ta kai inji, ta je kasuwa ta auna. Wata tana bandar kifi kwana biyu a mako. Wata tana koyarwa awa uku da safe a wata ƙaramar makarantar kuɗi. Wata tana zuwa ƙodagon dashen shinkafa a fadama lokacin noman rani, a sallame ta da yamma. Wata kuma aikinta kwana huɗu ne kacal a wata, gama tana cikin masu bi gida-gida da damina suna ba yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro. Ga masu kitso, ga masu ƙosai da awara, ga mai keken ɗinki a lungun ɗaki. Kusan dukansu kuwa suna da goyo a baya, ko mai rarrafe, ko wanda aka yaye bai daɗe ba.

Ra'ayinmu tun da fari shi ne, wannan nema ya zama dole a gidajenmu, kuma ba ya yiwuwa sai da wanda zai riƙe yaro. A yanzu mai riƙon nan, a yawancin gidaje, yarinya ce 'yar shekara takwas ko tara wadda ya kamata a ce tana aji. Ikilisiya ta ga wannan da idonta, ta yi shiru.

Bari mu fara da abin da ya sa neman ya zama dole, domin akwai dattawan da har yau suke gani kamar kwaɗayi ne. Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san cewa abincinmu a rataye yake da kogin Kwara da kuma iyaka. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu, a watan Nuwamba kuma aka hana kai fetur ga gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. An soma buɗe wasu a Disamba 2020, amma ta Kamba, maƙwabciyarmu a Dandi, sai a Afrilu 2022. A tsakanin nan ambaliyar 2020 ta cinye gonakin shinkafa a faɗin jihar Kebbi. Ba mu gama farfaɗowa ba aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, bayan wata biyu kuma, ranar 26 ga Yuli, sojoji suka karɓi mulki a Nijar, aka toshe gadar da ta haɗa Malanbil da Gaya. Naira ta faɗi a gaban sefa, har wanda ya saba saro kaya a Malanbil ko Segbana ya ga jarinsa ya ƙanƙance a hannunsa. Maigida ɗan kabu-kabu, ko makaniki, ko lebura mai lodi, ko malamin firamare, kowa ya ji a jikinsa. A gidaje da dama, ribar ƙosan Mama ita ce kuɗin cefane daga tsakiyar wata zuwa ƙarshensa, ita ce kuma sau da yawa baikon da ake sakawa ran Lahadi. Wannan ma'ajin ikilisiya ya fi mu sani.

Doka kuwa ba ta ga waɗannan mata ba sam. Dokar ƙwadago ta Nijeriya, a sashe na 54, ta ba mace mai aikin albashi hutun haihuwa na mako 12, da aƙalla rabin albashinta in ta yi wata shida a wurin aikin, da kuma rabin awa sau biyu a rana domin shayarwa. A 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa N70,000, gwamnatin Kebbi ma ta sa wa ma'aikatanta N75,000. Madalla. Amma dokar mafi ƙarancin albashi ta 2019 ta fito fili ta ware masu aikin ɗan lokaci, da masu aikin jinga, da masu aikin gona na lokaci-lokaci, da duk wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba. Ka duba matan da muka lissafa a sama, ka nuna mana ɗaya da ba ta faɗa cikin waɗanda aka ware ba. Mai turara shinkafa ba ta da hutun haihuwa. Ranar da ba ta hura wuta ba, ranar ba riba, shi ke nan.

Akwai wani abu game da ƙaramin aiki da maza ba su cika ganewa ba, mu ma sai da aka nuna mana. Muna cewa "ai kwana ɗaya ne a mako," kamar kwana ɗayan nan abu ne da za a gutsuttsura a saka tsakanin wanka da girki. Ba haka yake ba. Ranar kasuwa yini ce cur: fita da asuba, jiran mota ko kwalekwale, shingayen bincike a hanya, zaman rana, komowa bayan faɗuwar rana. Tukunyar shinkafa in ta hau wuta ba a barinta a je lallashin yaro. Aji in an shiga ba a fita. Yaro ɗan shekara biyu kuma ba a ajiye shi a ce ya jira a tashi kasuwa. Abu biyu ne da kowannensu yake bukatar mutum ɗungum a lokaci guda. Jariri mai shan nono ma ya fi sauƙi, gama ana goya shi a tafi, ko da yake rana da ƙura da hayaƙin banda ba abokan jariri ba ne. Wahalar tana ga mai tafiya da ƙafarsa wanda bai san wuta ba, bai san rijiya ba, bai san bakin kogi ba: daga shekara ɗaya zuwa huɗu.

A garuruwanmu na asali wannan ba magana ba ce. Akwai kaka, akwai gwaggo da inna, akwai matan 'yan'uwan miji a tsakar gida ɗaya, yaro yana tashi a hannun mutum goma. Amma mu a nan yawancinmu baƙi ne. Aiki ko fatauci ya kawo mu daga Zuru, daga Yawuri, daga kudancin Kaduna, Filato, Binuwai, ko daga kudu. Ɗakin haya muke, kaka tana nisan yini guda a mota. Mazajen waɗansu kuma 'yan sanda ne ko sojoji ko ma'aikatan kwastan da shige da fice, a tura su bakin daga su yi mako biyu ba a gan su ba. A nan wajibi ne mu gode wa maƙwabtanmu Musulmi, gama mata nawa ne cikinmu suka miƙa yaro ta kan katanga suka ce, "Inna, ga shi nan, yanzu zan dawo," aka kuwa riƙe shi da amana har da ba shi fura. Amma alheri irin wannan ba a mai da shi tsari na kowane mako, kunya ma ba za ta bari ba.

To, wa ya rage? Babbar 'ya. Ba wanda ya zauna ya yanke shawara cewa za a cire ta daga makaranta. Cewa ake yi, "Yau kaɗai ki zauna da ƙanenki." Mu yi lissafi. Zangon karatu mako 13 ne ko kusa da haka, sau uku a shekara. Yarinyar da take fashin kwana ɗaya a mako ta rasa kwana 39 a shekara, wato kusan mako takwas na karatu. Wadda take fashin kwana biyu ta rasa kwana 78, fiye da zango guda cur. In ta yi haka daga aji uku zuwa aji shida, mu ne kuma za mu zauna a kwamiti mu ce yarinyar ba ta da ƙoƙari, gara a koya mata ɗinki. Ɗan'uwanta namiji kuwa bai yi fashi ko sau ɗaya ba. Mukan koya wa yara a Makarantar Lahadi labarin yayar Musa da ta tsaya gadin ƙanenta a bakin kogi, muna yaba mata. Mukan manta cewa tsayuwar ba ta daɗe ba, kuma a ƙarshe babbar mace ce, uwar yaron, ta karɓi renon, har aka biya ta lada.

Ba karatu kaɗai ake asara ba. A ɗaya daga cikin ikilisiyoyinmu mun je gaishe da wata 'yar shekara biyu da ruwan turara shinkafa ya ƙone ta daga kafaɗa zuwa ciki. Uwar ta tafi kai awon jiya, ta bar tukunya a murhu, ta bar yaya 'yar shekara takwas da yara biyu. Yayar ta juya ta ɗauki mai kuka, ɗayar ta ja murfi. Yarinyar ta rayu, mun gode Allah, amma kuɗin magani ya cinye jarin gaba ɗaya. Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne yayar, wadda ta rakuɓe a bayan ƙofa ta ƙi fitowa, domin kowa da ya shigo sai ya tambaya, "Ke ina kike?" Ba wanda ya tambayi inda mu manya muke.

Ga kuma maganar asibiti. Binciken ƙasa na 2021 ya nuna Kebbi ce kan gaba a Nijeriya wajen zazzaɓin cizon sauro: an sami ƙwayar cutar a jinin yara 49 cikin 100 na 'yan ƙasa da shekara biyar. Shi ya sa da aka soma ba da allurar rigakafinsa a Disamba 2024, da Kebbi da Bayelsa aka fara. Allurar sau huɗu ce, a wata 5, 6, 7 da 15, ban da waɗanda muka saba na mako 6, 10, 14 da wata 9. Kowace ɗaya safiya ce guda a layi. In ranar allura ta zo daidai da ranar nema, kun san wadda za a bari. Yarinya 'yar tara kuma ba za ta gane cewa zafin jikin ƙanenta ya wuce na wasa ba sai ya soma sanƙarewa.

Amsa biyu muka saba ji. Ta fari, "Ta zauna a gida mana." Masu faɗin haka sukan kawo wasiƙar Bulus zuwa ga Titus. Ba gardamar tauhidi ta kawo mu ba, amma Littafin da suke riƙe da shi ya ba da labarin Lidiya mai sayar da tufafi, da Biriskilla da take ɗinkin tanti tare da mijinta Akila. Wadda mijinta yake da hali, ta kuma zaɓi ta zauna da 'ya'yanta har su yi wayo, ta yi abu mai kyau, kada kowa ya rena ta. Amma dattijon da zai ce wa matar ɗan kabu-kabu ta bar ƙosai, sai ya faɗa mata inda hatsin zai fito. Akwai kuma abin da mata suka sani: sana'a in an sake ta shekara uku, masu saye sun koma wani wuri, jari ya shige tukunya, komawa sai an sha wuya. Kwana ɗayan nan a mako shi ne yake riƙe mata ƙofa a buɗe har yaran su shiga makaranta. In kuma mutuwa ta ɗauke maigida, abin da za ta dogara da shi ke nan.

Amsa ta biyu ta fi ba mu tsoro: "A ɗauko yarinya daga ƙauye." Wani lokaci daga gida ake kawo ta, wani lokaci daga ƙetaren iyaka, da alkawarin za a sa ta makaranta. A kudancin Benin al'adar tana da sunanta, bidomegon, ta kuma daɗe tana jawo ƙorafi saboda yadda riƙo ya rikiɗe ya zama bauta. Sai mu sani cewa dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 12 aikin gida, hukuncin kuwa ɗauri ne. Ko ba doka, mene ne bambancin? Mun ceci karatun 'yarmu da karatun 'yar wani, wanda ya fi mu talauci.

Abin da muke roƙo ba baƙo ba ne a gare mu. Matanmu sun iya adashi, ba mai koya musu. Kowa ta zuba, kowa ta kwasa a ranarta, uwar adashi tana riƙe da lissafi. Mazanmu sun san gayya a gona. To, a yi adashin reno. Mata biyar ko shida da suke zaune kusa da juna, waɗanda ranakun nemansu ba su zo ɗaya ba, su haɗa kai: abin zubi shi ne safiya guda ko yini guda na riƙon yara, abin kwasa kuma ranar da za ki fita hankali kwance. Mai koyarwa tana da yamma da Asabar. Mai kasuwa tana da sauran kwanaki. Mai kitso tana gida. Ba kuɗi a ciki, sai dai kowace uwa ta kawo kunun ɗanta. A Indiya haka wani babban aiki ya soma a 1969, sa'ad da wata mata, Meera Mahadevan, ta ga 'ya'yan leburori mata suna kwance cikin ƙura a wani wurin gini a Delhi, ta buɗe musu wurin reno a nan gefen aikin. Mu ba ma bukatar mu kai can. Tabarma, randa mai murfi, gidan sauro, da manya biyu a kan yara biyar ko shida sun isa.

Mun ce manya biyu da gangan, domin mutum ɗaya zai shiga bayan gida, zai ɗebo ruwa. Kada kuma a hura wutar sana'a a gidan da yara suke a ranar. Yaron da ya kwana da zazzaɓi ko gudawa ba a kawo shi, asibiti za a kai shi. A san wanda zai zo ɗaukar kowane yaro, kada a miƙa wa wani dabam ko da ya ce shi kawu ne. Sharaɗin da ya fi duka: ba yarinya 'yar makaranta da za a lissafa cikin masu zubi.

Mun san abin da za a ce. Za a ce mata za su yi faɗa, wata za ta kwasa ta ƙi zubi, wata za ta ce an mari ɗanta, wata ba ta yarda da girkin wata ƙabila ba. Gaskiya ne, za a yi. A adashin kuɗi ma ana yi, ba a kuwa daina adashi ba. Aikin shugabannin Zumuntar Mata ke nan, su zama uwayen adashi, su sasanta. Za a kuma ce lokacin bai dace a tara yara wuri guda ba. Wannan magana ce mai nauyi, ba za mu yi wasa da ita ba, bayan abin da ya faru cikin Nuwamba 2025 a makarantar 'yan mata ta Maga da kuma makarantar Katolika ta Papiri a Agwara. Saboda haka ba mu ce a buɗe makaranta ba, ba mu ce a kafa allo a bakin hanya ba. Ƙananan ƙungiyoyi ne a cikin gidaje, suna zagayawa. Inda majami'a take cikin gari kuma tana da katanga, dattawa su duba ko za a ba da ɗakin Makarantar Lahadi, wanda yake kulle daga Litinin zuwa Asabar ban da ɓeraye. Inda take bayan gari, a bar ta.

Yanzu ga namu laifin, mu dattawa da masu tsara ayyukan ikilisiya. Tun da littafi ya ce "matar aure," mun ɗauka lokacinta na kowa ne. Ita ce mai sharar majami'a, ita ce mai girkin baƙi in an yi taron gunduma, ga koyon waƙa, ga taron zumunta, ga ziyarar marasa lafiya, ga gaisuwar mutuwa a gari mai nisa, ga kuɗin anko. Ma'aikaciyar gwamnati in ta ce tana ofis, sai mu ce Allah ya taimaka. Mai awara in ta ce tana da suya, sai a ce ta fi son duniya, har a ci ta tara. Wannan ba daidai ba ne. Muna roƙon kowace majalisar dattawa ta ɗauke wa mace mai yaro ɗan ƙasa da shekara uku aikin shara da girkin taro, sai in ita ta nema, a kuma daina cin tarar wadda ta yi fashin taron tsakiyar mako saboda nema ko reno. Matasa maza suna nan, tsintsiya ba ta cizo. Iyayenmu mata da suka gama haihuwa, da gwauraye da suke zaune su kaɗai, da yawa cikinsu za su yi murna a ce su zama kakannin aro, in an roƙe su da ladabi aka kuma tuna da su da ɗan sabulu da hatsi daga asusun taimako.

Mazaje kuma, ba mu manta da ku ba. Wanda aka tura daji da bindiga, uzurinsa a fili yake. Amma malamin makaranta da yake tashi ƙarfe biyu, da mai shago da yake da yaron shago, da manomin da ya gama girbi, me ya hana ya riƙe ɗansa awa uku? Mun sha ganin mutum zaune a gindin bishiya yana dara tun hantsi, 'yarsa kuwa tana gida da goyo maimakon aji. In an yi magana ya ce kada abokai su yi masa dariya. Kuɗin da matar ta samo dai tare za a ci. Muna so Zumuntar Maza ta sa wannan cikin abin da za ta tattauna, a kuma lissafa maigidan da ya yarda cikin masu zubi, ko da kai yaro allura ne kawai ya ɗauka.

Kafin taronmu na gaba, muna roƙon magatakardan kowace ikilisiya ya zauna da shugabar Zumuntar Mata su rubuto abu uku: yara nawa ne 'yan ƙasa da shekara biyar, waɗanne ranaku ne uwayensu suke fita nema, da kuma wanda yake riƙe da su a ranakun. A tambayi 'yan matan Makarantar Lahadi su ma, a keɓe, kwana nawa suka yi fashi a zangon da ya wuce. Ikilisiyar da ta riga ta gwada wani abu mai kama da wannan, ko ya yi kyau ko ya watse, ta aiko mana da labarin yadda aka yi, za mu buga a fitowa ta gaba ba tare da sunan kowa ba.